Na bi gero da masoro har Indiya

Indiya ƙasa ce mai jihohi 28 da mutane fiye da biliyan 1.4, kuma harsuna 22 kundin tsarin mulkinta ya lissafa, ban da ɗimbin waɗanda ake yi a ƙauyuka. Amma a wajenmu idan aka ce abincin Indiya, abin da ke faɗo wa mutum a rai bai wuce shinkafa mai launi da garin kori na gwangwani ba. A duk gidajen da aka sauke mu a can, ban ga uwargidan da ta ɗauko gwangwanin kori ba. Kowace miya da nata haɗin kayan ƙamshi: a soya wannan a mai, a gasa wancan a kasko, a daka su a lokacin da za a ɗora tukunya. Haɗin da ake yi a arewacin ƙasar kuwa, mutumin kudu sai ya tsufa bai taɓa ganin an yi shi a gidansu ba.

Sana'ata hatsi ce. A kasuwar Dawanau na tashi, a hannun maigidana Alhaji, wanda ke tara riɗi da citta yana sayar wa masu fitarwa waje. Wasu abokan cinikinsa Indiyawa ne suka gayyace shi ya je ya ga inda kayan ke ƙarewa, ya ce in raka shi. Shi hankalinsa na kan farashi da awo. Ni kuwa, da yake na san ƙwayar hatsi tun tana buhu, abin da na ƙwallafa rai a kai shi ne in ga abin da take zama idan ta shiga tukunyar wasu mutane.

Delhi muka fara sauka, lokacin kaka. Bayan sallar asuba a Masallacin Jama, wanda aka kammala a 1656 zamanin Sarki Shah Jahan, muka gangara lungunan da ke gabansa. Karin kumallon mutanen unguwar shi ne nihari, naman ƙwauri da ɓargo da ya kwana a kan wuta yana dahuwa a hankali har romon ya yi kauri. Ana yanka ɗanyar citta siri-siri a kai, a matsa lemun tsami, a ci da gurasar tanderu mai zafi. Daga nan 'yar tafiya ce zuwa Khari Baoli, kasuwar kayan ƙamshi, inda ba ka shiga ba ka yi atishawa ba. Buhunan barkono da kurkur da kanumfari da kirfa da hulba a jibge har rufi, 'yan dako na ta a-ba-mu-hanya. Mun kuma leƙa Bangla Sahib, wurin ibadar mabiya addinin Sikh, inda ake ciyar da dubban mutane kyauta kullum. Al'adar ta faro tun zamanin Guru Nanak, wanda ya rasu a 1539. Kowa yana rufe kai, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa a sahu ɗaya, attajiri kusa da mai gyaran takalmi. Gurasa ce da miyar adas, wani ɗan ƙaramin wake, da ganye, babu nama, don kada a sami wanda addininsa zai hana shi zama.

A Delhi na gane dalilin da ya sa duniya take ganin kamar abincin Indiya iri ɗaya ne. Da aka raba ƙasar a 1947 aka fitar da Pakistan, 'yan gudun hijirar Panjab da Peshawar suka cika birnin, suka buɗe gidajen abinci da tanderunsu. Gasasshiyar kaza ja, da kaza a miyar tumatir da man shanu, da gurasar tanderu da suke kira naan, duk daga hannunsu suka bazu, har suka zama abin da ake sayarwa a Landan da Dubai da Legas da sunan Indiya gaba ɗaya. Abinci ne mai daɗi, amma na kusurwa ɗaya ne.

Jirgin ƙasa na dare muka bi zuwa Jodhpur, a jihar Rajastan, bakin hamadar Thar. Da gari ya waye na leƙa ta taga, sai ga rairayi da ƙaya da awaki da raƙuma, ga karan gero a tsaye an riga an yanke zangarniya. Gabana ya faɗi don murna. Masu binciken tarihin tsirrai sun tabbatar cewa a yankinmu na Sahel aka fara noma gero. Mafi tsufan alamunsa a arewacin Mali aka same su, na shekara fiye da 4,000 da suka wuce, kuma ya isa Indiya tun fiye da shekara 1,000 kafin haihuwar Annabi Isa. Dawa daga gabashin Sudan ta tashi, tamba daga tsaunukan gabashin Afirka, wake ma ɗan Afirka ne. Yau Indiya ce ta fi kowace ƙasa noman gero, Rajastan kuma ta fi kowace jiha. Bajra suke ce masa.

Direban da ke yawo da mu ya kai mu ƙauyensu, wajen mahaifiyarsa. Tsohuwa ce siririya, da awarwaro har gwiwar hannu, tana tsugune a gaban murhun ƙasa. Ta zuba garin gero a kwano, ta sa gishiri kaɗan da ruwan ɗumi, ta murza shi da tushen tafin hannu har ya haɗe. Gero ba shi da danƙon alkama, ba ya jure muciyar murji, don haka da tafuka biyu take faɗaɗa shi, tana juyawa tana tafawa, tana ɗan jiƙa yatsu don kada gefe ya tsage. Ta ɗora a kaskon yumɓu, ta juya sau biyu, sannan ta jingina shi a bakin garwashi, sai ga shi ya kumbura. Ta huda da yatsa, ta tsiyaya man shanu a ciki, ta ajiye mana da guntun mazarƙwaila da dakakkiyar tafarnuwa da jan barkono.

Alhaji ya gutsura, ya tauna, ya dube ni ya ce, “Kai yaro, wannan ai geronmu ne.”

Na ce, “Shi ne, ranka ya daɗe. Hannu ne ya bambanta.”

Duk girkin wannan yanki daga ƙarancin ruwa aka gina shi. Ɗanyen ganye ba ya samuwa ko da yaushe, sai suka koma ga abin da daji ke bayarwa. An kawo mana ker sangri, wato 'ya'yan wata ƙaya da siraran ƙwanson bishiyar khejri, waɗanda ake shanyawa a ajiye har shekara, a jiƙa su a soya da yaji idan an tashi. An kawo gatte, curin garin wake da ake dafawa a yanka a miyar kindirmo. Da yamma kuma aka ba mu rab, kunun gero da tsala. Bishiyar khejri tana da daraja a wajensu fiye da yadda baƙo zai zata. A 1730, a ƙauyen Khejarli kusa da Jodhpur, mutane 363 na al'ummar Bishnoi suka rasa rayukansu suna rungume da waɗannan bishiyoyi don hana 'yan aiken sarki sarewa, wata mata mai suna Amrita Devi ce ta fara. Wanda ya ci ƙwanson bishiyar a lokacin da gona ba ta ba da komai ba, ba zai yi mamakin labarin ba.

A Gujarat aikin Alhaji yake, don can ne manyan masu ɓare riɗi, kuma a garin Unjha akwai babbar kasuwar wata ƙwayar ƙamshi da suke kira jira da sauran ire-irenta. Wani ɗan kasuwa mabiyin addinin Jain ya kai mu gidansa. Su ba nama kaɗai suke gudu ba, har albasa da tafarnuwa da dankali da duk abin da ake tonowa a ƙasa, don kada a kashe ƙananan halittu, kuma masu tsantseni a cikinsu ba sa cin abinci bayan faɗuwar rana. Na zaci tire zai zo fayau, sai ga ƙananan kwanoni sun kewaye shi, tsami da zaƙi da yaji kowanne da gurbinsa. Har miyar adas mazarƙwaila suke jefa mata. Harshena bai saba da zaƙi a miya ba, amma gwanintar girka abinci mai armashi ba albasa ba tafarnuwa ta burge ni ƙwarai.

Inda na fi daɗewa, kuma inda zuciyata ta fi zama, shi ne Haidarabad. Wani ɗalibi ɗan Damagaram da ke karatun haɗa magunguna a can shi ya zama jagorana. A-daidaita-sahu muka hau, iri ɗaya da na Kano, zuwa Charminar, ginin hasumiya huɗu da Sarki Muhammad Kuli Kutub Shah ya gina a 1591. A gefensa muka sha shayin da mutanen Iran suka kawo birnin, mai madara da ta daɗe tana tafasa, da biskit mai ɗan gishiri da aka sa wa sunan Mir Osman Ali Khan, Nizam na ƙarshe, wato sarkin Haidarabad na ƙarshe. Yaron ya ce mini, “Kawu, a garin nan in kana son faɗa ya tashi, tambayi mutum biyu inda aka fi iya biryani.”

Ya san wani mai girkin biki, ya roƙa mana aka bar mu muka shiga bayan gida inda ake aikin. Abin da ya bambanta biryanin Haidarabad shi ne ɗanyen nama ake sa wa a tukunya, ba dafaffe ba. An jiƙa naman akuya tun dare a kindirmo da citta da tafarnuwa da barkono da soyayyar albasa da na'ana'a, da ɗanyar gwanda da aka niƙa don ta tausasa shi. Aka shimfiɗa shi a gindin wata faffaɗar tukunyar tagulla. Shinkafar basmati kuma tana tafasa a gefe, mai girkin yana tsamo ƙwaya yana latsawa da yatsa. Wadda ya fara kwasa, mai sauran tauri, ita ya zuba a kan naman, don ita za ta fi shan zafi da romo. Wadda ta ƙara nuna ta hau sama. Ya yayyafa za'afaran da aka jiƙa a madara, da man shanu, ya liƙe bakin murfin da kwaɓaɓɓen fulawa, ya zuba garwashi a kai, ya rage wutar ƙasa. Daga nan babu buɗewa, babu ɗanɗanawa. Da hanci yake aiki da kunne, yana kara kunnensa kusa da tukunya. Na tambaye shi inda ya koya, ya ce a wajen mahaifinsa, shi ma a wajen nasa, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa rubuta awon a takarda. Da aka fasa liƙin, nama da shinkafa sun nuna tare, kowace ƙwaya a warware. Ana cin sa da miyar koren barkono da gyaɗa da riɗi da tsamiya.

Washegari da sassafe muka je Barkas, unguwar jikokin Larabawan Hadramaut na Yaman da suka zo aikin soja a wajen Nizam. Can ake sayar da haris, alkama da nama da aka dafa aka tuƙa har suka zama abu ɗaya. Daga shi mutanen birnin suka fitar da halim, suka ƙara masa adas da kayan ƙamshi da man shanu, ya zama abin buɗa-baki na watan azumi wanda har waɗanda ba Musulmi ba suke layi a kansa.

Amma wannan duk girkin fada ne da na birni. Mutanen ƙasar, masu jin harshen Telugu, nasu daban ne, kuma shi ya fi taɓa ni. A wani ƙaramin gidan abinci aka kawo mana naman akuya a wata miya kore mai tsami. Loma ɗaya na yi na san yakuwa ce. Gongura suke kiranta, kuma suna ji da ita har suna soya ta da barkono da mai su adana a kwalba su riƙa ci da shinkafa. Gefenta ga gurasar dawa, ga miyar adas da aka jefa wa ƙwanson zogale, wanda su ƙwanson suka fi ci, su tsotse cikinsa su yar da ɓawon. A bakin titi kuma na tsaya a gaban wata mata da kaskon ƙarfe mai ramuka, tana zuba ƙullun shinkafa da ya kwana ya tashi, tana juyawa da tsinke. In ba don sarin da ke jikinta ba, sai in ce mai waina ce a bakin tasha da tandarta. Su wani baƙin wake suke niƙawa tare da shinkafar, shi ke sa ƙullun ya kumbura. Da wannan ƙullu ake yin idli da ake turarawa, da dosa mai faɗi da ake gasawa.

A Haidarabad na ga yadda hukuma ke shiga maganar abinci. A 2019 hukumar UNESCO ta sa birnin cikin jerin biranen da suka shahara da fasahar girki. Tun 1999 kuma ƙasar ta yi dokar rajistar da ke ɗaure sunan kaya da yankin da ya fito, ta yadda ba wanda zai yi nasa a wani wuri ya laƙa masa sunan. Ganyen shayin Darjeeling ne ya fara samu a 2004, halim ɗin Haidarabad ya samu a 2010. Har jayayya aka yi tsakanin jihar Bengal ta Yamma da Odisha a kan wa ke da rasgulla, wani curin cuku da ake dafawa a ruwan sukari. Ƙarshenta kowacce aka ba ta rajistar nata, Bengal a 2017, Odisha a 2019. Ɗan Damagaram ya tuna mini cewa Nijar ma ta yi wa kilishinta da albasar Galmi irin wannan rajista, kuma ya faɗe shi da alfahari.

Gero ma ya ga tasku a Indiya kafin a dawo da martabarsa. Daga shekarun 1960 gwamnati ta ba da ƙarfi ga alkama da shinkafa don kawar da yunwa, su ake saye a hannun manomi, su ake rabawa da rahusa, sai gero da dawa da tamba suka koma abincin talaka da mutumin ƙauye. Yanzu an juyo. Indiya ce ta kai buƙata Majalisar Ɗinkin Duniya aka ayyana 2023 shekarar gero da danginsa, kuma a taron G20 da aka yi a Delhi a watan Satumbar shekarar an ciyar da shugabannin duniya da abincin da aka yi da su. A Patancheru, bayan garin Haidarabad, akwai cibiyar ICRISAT da aka kafa a 1972 don binciken amfanin gonar ƙasashe masu ƙarancin ruwa, wadda take da reshe a Sadore kusa da Yamai, da ofis a Kano. A manyan kantuna na ga biskit na tamba da taliyar gero a leda mai ƙyalli, da tsada. Na yi farin ciki, na kuma ji wani abu ya tsaya mini a rai, don na san yawan gidajen birni a wajenmu da suke jin kunyar sa wa baƙo tuwon gero. Duk da haka, a ganina rajista da taro taimako kawai suke yi. Abin da ya riƙe girkin nan shi ne har gobe ana dafa shi a gida, kuma kowane gari yana bugun ƙirji da nasa.

Ba zan ɓoye ɗaya fuskar ba. Abincin da ke haɗa mutane a sahu ɗaya a Bangla Sahib, shi ne kuma ke raba su a wasu wurare. Tsarin fifikon asali ya daɗe yana yanke wanda zai ci da wa, da wanda ba a karɓar ruwa a hannunsa. Akwai masu gidajen haya da ba sa ba mai cin nama ɗaki. Yawancin jihohi sun hana yanka saniya, kuma an sha kashe mutane, galibi Musulmi da talakawan da ake ƙasƙantarwa, a kan zargin nama ko safarar shanu. Naman da ake sayarwa a lungunan Delhi da sunan babban nama, na ɓauna ne. Duk wanda zai yabi girkin ƙasar da gaskiya, dole ya san girkin waɗannan mutane ma yana cikinsa.

Kerala, a can ƙuryar kudu, wata duniya ce. Ruwa, kwakwa, ayaba, kifi, kuma ana cin naman sa a fili. A Kalikat, wadda suke kira Kozhikode, muka yi sallah a masallacin Mishkal, ginin katako mai hawa-hawa da wani attajirin jirgin ruwa Balarabe ya gina a ƙarni na 14. Baƙin masoro ne ya jawo Larabawa wannan gaɓa, shi ne kuma ya jawo Vasco da Gama a 1498. A wata gona a tsaunukan Wayanad na gan shi da idona, yana naɗe da jikin bishiya, 'ya'yansa kore a jere a zangarniya, sai an shanya su suke yin baƙi. Kafin zuwan Turawan Fotugal, da shi da citta da danginsu ake sa wa abinci yaji. Barkonon da yau ake ganin kamar da shi aka halicci Indiya, su suka kawo shi daga nahiyar Amurka, kamar yadda dankalin turawa da tumatir da kashu da rogo duk baƙi ne daga can. Rogon ma ya zama ɗan gida, ana dafa shi a farfasa da kwakwa da kurkur a ci da jar miyar kifi. Musulmin yankin suna da pathiri, gurasar garin shinkafa fara sol mai laushi, da biryaninsu na gajeriyar shinkafa mai ƙamshi wanda bai yi kama da na Haidarabad ba ko kaɗan. Da rana kuma aka shimfiɗa mana ganyen ayaba, aka jera miya da ganye da soye-soye kowanne a inda aka saba ajiye shi, aka ƙare da kunun shinkafa da madarar kwakwa da mazarƙwaila.

A filin jirgin Kochi muka haɗu da wasu mutanenmu da suka kawo mahaifinsu asibiti. Matar ta ce tun da suka zo taliyar leda da shayi da burodi suke ci, don tsoron yaji da tsoron abin da bai halatta ba. Abin ya dame ni, don mutanenmu da yawa suna zuwa jinya da karatu, kuma haka suke ƙuntata wa kansu. Duk abincin leda ko na gwangwani a Indiya yana da alama: koren ɗigo a cikin murabba'i yana nufin babu nama a ciki, alama ruwan ƙasa tana nufin akwai. Gidan abincin da aka rubuta na masu cin ganye ne zalla, ba nama ko kifi da ke shiga tukunyarsa. Wajen nama kuwa a tambaya ko halal ne, don akwai wani yanka da ake kira jhatka wanda ba irin namu ba ne, kuma a unguwannin Musulmi ba a shan wahalar samun halal. Mai gudun yaji ya nemi khichdi, shinkafa da adas da aka dafa luguf da ɗan man shanu, ko shinkafa da kindirmo. A kudu kuwa idli ake fara ba mara lafiya, ba mai ba yaji, kuma ana samun sa da ɗuminsa tun da sassafe a kusan kowane titi.